Ashana a Alkukin Inna

Ni ce na ɓata ɗakin Inna, kuma sai da na shekara shida kafin bakina ya iya faɗin haka.

Gidanmu ɗan ƙarami ne, na dutse, ciki da falo da ɗan madafi, a gindin tudu. Baba ne ya gina shi da hannunsa tun ba a haife ni ba, lokacin yana aikin fasa dutse. Kaurin bangon ya fi kamu guda, muna yara har zama muke a bakin taga mu miƙe ƙafa. Daga ciki farar ƙasa Baba ya shafe shi da ita, duk bayan shekara biyu ya sake bi. Abin da ke ƙona mini rai da ita ɗaya ne: duk wanda ya jingina da bango sai ya tashi da fari a baya. Ni tela ce, na san wahalar da ke cikin riga. Ki ɗinka wa mace kaya, ki goge, ta zo gaida Inna ta fita kamar ta kwana a kan buhun fulawa. Haba!

Shekarar da Baba ya rasu, Inna ta je gidan Yaya, babban wana, ta yi mako biyu. Na ce to ga dama ta samu. Ban shawarci kowa ba, na kwaso masu aiki, suka yi wa bangon filastar siminti tun daga ƙasa har sama, suka bi da fenti mai mai, shuɗi, mai ƙyalli har kana ganin inuwarka. Kwana huɗu an gama. Da Inna ta dawo ta tsaya a ƙofa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sannu da aiki, Sarkin gaggawa." Sunan da take kirana ke nan tun ina ƙarama. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba, ni kuwa na ɗauka daɗi ne ya hana ta magana.

Damina ta farko fentin ya fara kumbura a bayan gado. Ta biyu baƙin tabo ya fito, na goge da omo, ya dawo da 'yan'uwansa. Akwai wani alkuki a jikin bangon, ɗan kogon da Baba ya bari don ajiye fitila, nan Inna ke ajiye gishirinta da ashana. Gishirin ya koma ruwa, ashana kuwa sai ka ƙyasta goma ba ka sami wuta ba. Daga nan tari ya kama Inna. Muka ce sanyi ne, muka ce tsufa ne, muka ce komai ban da bango.

Bana sai da ta kwana tara a asibiti. Ranar sallama likita ya tambayi inda take kwana, da Yaya ya kwatanta masa ɗakin sai ya ajiye biro ya ce, "In kun mayar da ita cikin danshin nan, ku sani dawo da ita za ku yi." Yaya bai tsaya wata-wata ba, ya wuce da ita gidansa, hawa na uku a tsakiyar gari.

Ba zan yi wa Yaya ƙarya ba, shi da matarsa sun riƙe ta hannu bibbiyu. Amma Inna ta zama wata iri. Tun safe za ta ja kujera bakin taga ta zuba wa motoci ido. Matar da ba ta iya zama minti biyar ba ta taɓa wani abu ba, ga ta nan hannu a cinya. Abinci cokali uku ta ce ta ƙoshi. Ana cikin haka aka yi wa Yaya canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota, aka ba shi wata uku ya tattara. Ya ce da Inna zai tafi, gidan dutse kuma a sa masa kwaɗo.

"Tsohon gida ne," in ji shi. "Dutse ruwa yake sha, ba yadda za a yi da shi."

Na sha jinin jikina, amma na yi shiru kan batun siminti. Na ce, "Yaya, ka ba ni wata ukun nan. In ɗakin ya bushe fa?"

"Wa zai ce ya bushe? Ke? Ke da za ki shafa sabon fenti ki ce mu zo mu gani?"

Inna ce ta raba gardamar, ko juyowa daga taga ba ta yi ba. Ta ce, "A sa kwalin ashana a alkuki, a rufe ɗakin kwana bakwai ana ruwa. In ta kama, in koma ɗakina. In ba ta kama ba, in bi ka, ba zan ƙara ta da maganar ba."

Yaya ya yi dariya ya ce ya yarda. Ni kuwa na san Inna: in ta faɗi magana ta zauna, ko da ita za ta kashe ta.

Washegari na rufe shago na shiga kasuwar kayan gini. Wayyo, kowa da maganinsa! Wani ya ce tayil zan manna tun daga ƙasa har rufi. Na ce ɗakin uwata ne, ba banɗaki ba. Wani ya nuna mini allunan roba masu zanen katako, ya ce a buga su a kan bangon a rufe tabon, ba mai gani. Matar Yaya ta aiko mini da hoto a waya, wai a kankare komai a bar dutsen tsirara a shafa masa mai ya yi ƙyalli, haka ta gani a wani otal. Daga ƙarshe wani mai zaƙin baki ya ɗora mini bokitin fenti a kan teburi ya ce wannan ko a cikin kogi aka shafa ruwa ba ya ratsa shi. Na ce yawwa, abin da nake nema ke nan. Na ɗauko bokiti biyu.

Saura mai shafawa. Na tuna da wani tsohon magini, abokin Baba, wanda muke kira Kawu ko da yake ba mu haɗa jini ba. Tare suka ɗora duwatsun gidan nan. Na same shi a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar guduma, na ce aikin kwana biyu ne. Ya ce mu je ya gani.

Kawu ya shiga ɗakin ya shaƙi iska, ya yamutsa fuska. Bokitan fentina ko kallo ba su ishe shi ba. Ya bi bangon yana ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma, wani wurin ya ce ƙwas, wani wurin ya ce bum kamar ganga. A bayan gado ya ɗaga guduma ya sauke sau biyu. Wani ɓawon siminti kamar faranti ya faɗo, dutsen da ke ƙarƙashi baƙi ƙirin, yana naso. Ya kama hannuna ya ɗora a kai. Sanyi da ruwa.

"Wa ya yi wannan aika-aika?"

Na ce, "Wasu masu aiki ne."

"Wasu masu aiki," ya maimaita, yana dubana ta saman tabarau. "Su suka kawo kansu ke nan."

Na yi kamar ban ji ba, na nuna masa bokitan. Ya ce in ɗauke su daga gabansa. Wai bangon dutse numfashi yake yi: yana shan danshi daga ƙasa da daga waje, yana fitar da shi ta cikin farar ƙasa, a hankali, ba mai ji ba mai gani. Siminti da fenti mai mai suka toshe masa hanya, ruwa ya taru ya rasa mafita.

Na ce, "Kawu, bango kuma da numfashi? Hanci gare shi?"

Ya ce, "'Yata, ke ba tela ba ce? In mace ta kawo miki ɗinki da zafi, kika yi mata shafi da leda a ciki, yaya za ta wuni?"

Na san yadda za ta wuni, sharkaf da gumi, ƙuraje su feso mata. Shekara shida ke nan da na ɗinka wa ɗakin uwata rigar leda, yanzu kuma na zo da bokiti biyu zan ƙara masa wata a kai. Na zauna a bakin gadon Inna.

"To me za a sa?"

"Abin da ubanki ya sa. Farar ƙasa da yashi, shafi uku."

"Kwana nawa?"

"Kwanan da bangon ya ce."

Ranar na gane dalilin da ya sa mutane suka daina kiran Kawu aiki. Mako guda ya yi yana kankare siminti, a hankali don kada ya ji wa dutsen ciwo. Ya zagaya waje ya gano indararo ya tsage yana zuba a jikin bango, ya gyara. Ƙasar da ruwa ya tara a gindin gidan ya janye ta da shebur. Sannan ya buɗe tagogi, ya jiƙa farar ƙasa a cikin duro, ya rufe, ya ce sai bayan mako uku. Mako uku! Kullum in na tashi daga shago sai na biya, in tarar da shi zaune a kan bulo yana sauraron rediyo. In na ce, "Kawu, yau me aka yi?" sai ya ce, "Yau bango ya sha iska." Kamar in fasa ihu.

Amma dutsen ya fara sauya launi ina gani, daga baƙi zuwa toka-toka, daga nan zuwa ruwan ƙasa mai haske irin wanda na sani ina yarinya. Warin nan na tsohon tsumma ya ragu.

Ranar shafin farko na tarar da shi yana yayyafa wa bangon ruwa da tsintsiya. Na dafe ƙirji na ce, "Kawu! Bangon da muka yi mako uku muna jira ya bushe kake jiƙawa?" Ya ce farar ƙasa ba ta son a yi mata gaggawa, in ta bushe da sauri tsagewa take. Ya shafa, ya rataya jiƙaƙƙun buhuna a tagogi, ya tafi gida.

Na ƙirga kwanakin da suka rage a yatsa, na ga ba za su kai ba. To, sunan da Inna ta sa mini ba a banza ta sa ba. Da la'asar na koma ni kaɗai, na cire buhunan, na hura gawayi a kasko biyu na ajiye a tsakar ɗaki, na kunna fanka. Na ce tsoho ne, bai san zamani ba. Da safe na riga shi zuwa don in ga abin mamakin da na shirya masa. Bangon gabas gaba ɗaya ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, ina taɓawa yana zubowa gari.

Kawu ya iso, ya dubi bangon, ya dubi tokar gawayi, ya dube ni. Na jira faɗa. Da ma ya yi faɗan da na ji sauƙi. Sai kawai ya ce, "Su masu aikin nan ne suka dawo?"

Nan na fashe da kuka, ni da 'ya'yana suka kusa aure. Na ce ni ce, wancan ma ni ce, ni na sa aka yi simintin, ni na kwantar da uwata a asibiti, yanzu kuma na janyo za a tafi da ita inda za ta mutu a bakin taga. Ya bar ni sai da na gama. Sannan ya miƙo mini rariya ya ce, "Tankaɗe yashin can. Kwana takwas kika ci mana, ba shekara takwas ba. Amma daga yau hannunki ne kawai zai shigo ɗakin nan, dabararki ta tsaya a waje."

Haka aka yi. Na rufe shago rabin yini ina tankaɗe yashi, ina yayyafa ruwa da hannuna, ni da na yi masa ihu a kai. Farar ƙasa ta ci mini yatsu har zare ba na iya sawa a allura. Shafi na biyu ya zauna. Na uku ya zauna, sumul, ba tsaga ko ɗaya. Kawu ya bi da ruwan farar ƙasa sau uku da burushi. Ɗakin ya yi wani irin haske mai taushi, ba ƙyalli, ba ɗaukar ido. Kullum in na kira Inna a waya ba ta tambayar aiki, sai dai ta ce, "Ana ruwa a can?" In ce ana yi.

Saura kwana tara tafiyarsu Yaya ya zo da sabon kwalin ashana. Ya zaro biro ya sa hannu a bayansa, irin dogon sa hannun nan nasa na ofis, ya ce, "Na san halinki." Ya ajiye a alkuki, ya rufe tagogi, ya kulle ƙofa, ya jefa makulli a aljihu. Na ji haushi, amma ban ga laifinsa ba. Tunanin sauya kwalin ya zo mini tun kafin ya zo masa. Abin da ya hana ni ba sa hannunsa ba ne. In na yi coge ashana ta kama, ƙirjin Inna ne zai biya.

Kamar sama jira take. Kwana bakwai ɗin nan ba ranar da ba a yi ruwa ba, ran na huɗu ma wuni aka yi ana tsugawa. Ina taka keken ɗinki ina kallon ruwa a bakin shago, sau biyu na ɗinke hannun riga a wuya. Na je wurin Kawu na ce, "Za ta kama?" Ya ce, "Na yi abin da na sani." Wallahi tsohon nan bai iya kwantar da hankali ba.

Rana ta takwas da hantsi motar Yaya ta tsaya a ƙofar gida, ana yayyafi. Na riƙe wa Inna lema. Ta rame, zanenta har ninki biyu take yi masa. Kawu na tsaye a gefe ya harɗe hannu a baya. Yaya ya buɗe ƙofa.

Abin da na fara yi shi ne shaƙar iska. Ba wari. Inna ta shiga a hankali, ta ɗora tafin hannunta a bango ta bar shi a nan. Yaya ya ɗauko kwalin, ya juya ya duba sa hannunsa, ya miƙa mata.

Ta zaro tsinke ɗaya, ta ƙyasta, ya karye biyu, kan ya faɗi ƙasa. Inna ta dubi guntun da ke hannunta, ta fara mayar da kwalin ga Yaya, don ita a wurinta magana ta ƙare.

"A'a, wannan ba ya cikin lissafi," in ji Yaya da sauri. "Karyewa ya yi, ba ƙin kamawa ba. Kawo nan, Inna."

Na dube shi. Ashe shi ma goshinsa gumi yake. Ya zaro wani tsinken, ya gyara riƙo, ya ƙyasta sau ɗaya.

Fuu! Wuta ta tashi, 'yar ƙarama, rawaya, tsaye kyam.

Muka zuba mata ido mu huɗu kamar ba mu taɓa ganin wuta ba, har ta ci tsinken ta kai masa yatsa ya yarfar yana cewa wash. Sai ya sake zaro wani ya ƙyasta, ya kama. Ya sake, ya kama. Kawu ya ce, "Kai, bar mata na girki mana." Dariya ta ƙwace mana gaba ɗaya, tawa da hawaye a ciki.

Yaya ya share ido da bayan hannu ya ce, "Wallahi Inna, da na tafi da ke ban san yadda zan yi da ke ba. Kullum ina dawowa daga aiki ina ganinki a tagar nan, abinci ba ya wuce mini." Ya fita ɗauko jakarta, wadda ashe tun a gida ta sa aka saka a bayan mota.

Inna ta zauna a kan tabarmar da na shimfiɗa. Na durƙusa a gabanta na ce, "Inna, simintin nan da na sa ne ya jawo miki ciwon nan. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na sani tun damina ta farko. Babanku ya sha faɗa mini kada a bar siminti ya taɓa bangon nan."

"Kin sani? Shekara shida kina tari ba ki faɗa ba?"

"Ranar da na dawo na same ki a ƙofar nan, fenti har a goshinki, kina dariya. Tun da aka fita da babanku ban ga haƙoranki ba sai ranar. Na ce bari in bari zuwa baɗi. Baɗi ta zo na ce wata baɗin." Ta ɗan yi murmushi. "Ke gaggawa, ni nawa. Mu biyu muka ɓata shi."

Ta jingina da bango ta lumshe ido, ta ja numfashi mai tsawo har ƙasa, na kasa kunne ina jiran tarin, bai zo ba. Can ta ce yunwa take ji, a duba ko akwai abin ɗorawa a madafi, ta yunƙura ta miƙe da kanta.

Da ta juya sai na ga bayan mayafinta, fari fat tun daga kafaɗa har kugu. Hannuna ya ɗaga da kansa zai kakkaɓe.

Ba ta waiwayo ba ta ce, "Bar shi."

Na sauke hannuna, na ɗauki kwalin ashanar na bi ta madafi.